Ƙasa da 18.5: Ma'aunin Nauyi da Tsayi da Abin da Rama Ke Nufi ga Lafiya

Ma'aunin da likitoci ke kira BMI lissafi ne da ke duba nauyin mutum tare da la'akari da tsayinsa, saboda kilo 50 a jikin mace gajeriya ba daidai yake da kilo 50 a jikin namijin da ya doshi mita biyu ba. Fitar da shi ba ya buƙatar komai sai sikeli da tef ɗin awo: ana auna tsayi da mita, a yi lissafin tsayin sau tsayin, sannan a raba nauyin da aka auna da kilo da abin da ya fito. Macen da ke da tsayin mita 1.60 da nauyin kilo 45, alal misali, lissafin tsayinta zai ba da 2.56, idan kuwa aka raba 45 da 2.56 za a sami 17.6, wannan ita ce lambarta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa lambobin manya kashi huɗu, inda ta ɗauki 18.5 zuwa 24.9 a matsayin daidaitaccen nauyi, 25 zuwa 29.9 nauyin da ya wuce ƙima, 30 zuwa sama ƙiba mai haɗari, duk abin da ya gaza 18.5 kuma ƙarancin nauyi. Ta sake kasa wannan kashi na ƙarshe gida uku: daga 17 zuwa ƙasa da 18.5 rama ce mai sauƙi, daga 16 zuwa ƙasa da 17 matsakaiciya, ƙasa da 16 kuwa rama ce mai tsanani. Bisa wannan tsari, mai tsayin mita 1.60 na buƙatar aƙalla kilo 47 da ɗoriya kafin ya fita daga sahun masu ƙarancin nauyi, mai tsayin mita 1.75 kuma yana buƙatar kusan kilo 57.

Yawancin abin da ake faɗa game da wannan ma'auni a rediyo da jaridu ya karkata ne ga ɓangaren sama, wato teɓa da hawan jini da ciwon suga, kuma akwai dalilin hakan, tun da alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 sun nuna cewa manya biliyan 2.5 ne nauyinsu ya wuce ƙima. Sai dai alƙaluman wannan shekara sun kuma nuna cewa manya kimanin miliyan 390 na fama da ƙarancin nauyi, mafi yawansu a Kudancin Asiya da Afirka kudu da Sahara. A Nijeriya, binciken ƙasa kan al'umma da lafiya na shekarar 2018 ya gano cewa kashi 12 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49 suna ƙasa da 18.5, yayin da kashi 28 cikin ɗari suka wuce 25, kuma ramar ta fi yawa a Arewa da karkara da gidajen da ke da ƙaramin ƙarfi. Matsalolin biyu suna zaune ne a ƙasa ɗaya, wani lokaci ma a unguwa ɗaya.

Asalin lissafin

Wanda ya fara fitar da wannan lissafi ba likita ba ne. Adolphe Quetelet, ɗan ƙasar Beljiyam da ya rayu tsakanin 1796 da 1874, masanin taurari ne da ƙididdiga, kuma abin da ya dame shi a shekarun 1830 shi ne gano siffar mutum matsakaici ta hanyar tattara awon jama'a masu yawa. A cikin wannan aiki ya lura cewa nauyin balagaggu yana tafiya ne da tsayi sau tsayi. Lissafin ya daɗe ba shi da wani tasiri a asibiti, har zuwa shekarar 1972 da masanin Amurka Ancel Keys da abokan aikinsa suka gwada hanyoyi da dama na kwatanta nauyi da tsayi a kan maza fiye da 7,000 daga ƙasashe biyar, suka ga na Quetelet ya fi sauran kusantar yawan kitsen da aka auna kai-tsaye, suka kuma raɗa masa sunan da ake kiransa da shi a yau. Abubuwa biyu sun cancanci a riƙe daga wannan tarihi: babu mace ko ɗaya a cikin waɗanda Keys ya yi gwajin a kansu, sannan an gina ma'aunin ne domin nazarin tarin jama'a, kafin sauƙinsa da arharsa su kai shi teburin kowane likita ya zama abin da ake yanke wa mutum ɗaya hukunci da shi.

Ita kuwa iyakar 18.5 ta fito ne daga wata damuwa dabam. A shekarar 1988 masana abinci mai gina jiki uku, Philip James da Anna Ferro-Luzzi da John Waterlow, suka nemi hanya mai sauƙi ta gane manyan da suka daɗe ba sa samun isasshen abinci a ƙasashe matalauta, suka ba da shawarar iyakokin 18.5 da 17 da 16, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓa a rahotonta na 1995. Hujjar da ta ƙarfafa wannan tsari ita ce, a tsakanin manoma da 'yan ƙwadago, yayin da lambar ke sauka, musamman ƙasa da 17, ƙarfin aiki na raguwa, kwanakin jinya kuma na ƙaruwa. Saboda haka 18.5 layi ne da masana suka ja a kan gangara, kuma babu wani abin da ke faruwa a jikin mutum ranar da ya sauko daga 18.6 zuwa 18.4.

Abin da lambar ba ta gani

Sikeli yana auna komai ne a dunƙule, ƙashi da tsoka da kitse da ruwa, ba ya bambance su. Mutumin da ruwa ya taru a ƙafafunsa ko a cikinsa saboda ciwon hanta ko ƙoda ko zuciya, ko saboda yunwar kanta, na iya nuna lamba mai kyau alhali naman jikinsa ya zagwanye. Ƙirar jiki ma tana karkatar da lissafin, domin masu dogayen ƙafafu da gajeren gangar jiki, irin mutanen Dinka da Nuwer na Sudan ta Kudu, lambarsu kan fito ƙasa da ta wasu ba tare da wata cuta ba, tun da ƙafa ba ta kai gangar jiki nauyi ba. Akwai kuma mutanen da siranta gadonsu ce, suna ci suna ƙoshi, suna aiki, matan cikinsu suna al'ada a kan kari suna haihuwa lafiya, nauyinsu kuma bai gusa daga inda yake ba shekara da shekaru. Irin waɗannan, ko da lambarsu ta tsaya a 18, ba su ne abin damuwar likita ba. Kuskuren awo shi ma ba ƙaramin abu ba ne, saboda tsayi sau biyu yake shiga lissafin: mai kilo 48 da aka rubuta masa mita 1.60 zai fito da kusan 18.8, idan kuwa aka rubuta 1.65 zai koma 17.6, wato santimita biyar kacal sun tsallakar da shi daga wani aji zuwa wani. Shi ya sa ake cire takalmi da hula da ɗaurin kallabi mai tudu kafin a auna tsayi, a kuma rage kaya masu nauyi kafin a hau sikeli.

Iyakokin da aka ambata na manya ne kawai. Jikin yaro na canzawa da shekaru, don haka daga shekara 5 zuwa 19 ana kwatanta lambarsa ne da ta tsararrakinsa, maza dabam mata dabam. Ga 'yan ƙasa da shekara biyar akwai jadawalin girma da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006 bayan bibiyar yara a ƙasashe shida, wato Ghana da Brazil da Indiya da Norway da Oman da Amurka, kuma a cibiyoyin kula da tamowa an fi dogara da tef mai launi da ake zagaya dantsen yaro da shi, inda ƙasa da santimita 11.5 ga ɗan wata 6 zuwa 59 ke nuna tamowa mai tsanani. Mai juna biyu ba a yi mata hukunci da nauyinta na lokacin ciki, sai da wanda take da shi kafin ta ɗauka. Tsofaffi kuwa ana ɗaga musu iyaka sama, har masana da yawa na ɗaukar duk abin da ya gaza 22 ga wanda ya kai shekara 70 a matsayin alamar da ke buƙatar bincike.

Yadda jiki ke bi da ƙarancin abinci

Idan abin da ke shiga ciki ya gaza abin da jiki ke ƙonawa, jiki yana fara amfani da ɗan sukarin da ya adana a hanta, wanda ba ya wuce na yini guda, sannan ya koma kan kitse, ya kuma riƙa gutsurar tsoka domin samar wa ƙwaƙwalwa sukari. Lamarin ya yi kama da gidan da rumbunsa ya ƙare har aka fara ɗibar irin shuka ana tuwo da shi: an tsira a yau, amma da abin da za a dogara da shi gobe. Tsokar da ake ci ba ta hannu da cinya kaɗai ba ce, har da ta zuciya da wadda ake numfashi da tari da ita.

Mafi cikar bayanin da ake da shi kan wannan ya zo ne daga wani gwaji da shi Ancel Keys ɗin ya jagoranta a Jami'ar Minnesota tsakanin 1944 da 1945, lokacin da ake tunanin yadda za a farfaɗo da mayunwatan Turai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Matasa 36 masu ƙoshin lafiya, waɗanda suka ƙi shiga soja saboda aƙidarsu ta ƙin yaƙi, suka yarda a rage musu abinci zuwa kusan rabi, wato kimanin kalori 1,570 a rana, har tsawon mako 24, suna kuma tafiyar ƙasa ta kusan kilomita 35 a kowane mako. Kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke bayarwa. A ƙarshe sun rasa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu, bugun zuciyarsu ya yi ƙasa ƙwarai, yawan kuzarin da jikinsu ke ƙonawa a zaune ya faɗi da kusan kashi 40 cikin ɗari, suna jin sanyi ko da rana ta take, ƙafafun wasu sun kumbura, sha'awar mata ta ɗauke. Abin da ya fi ba masu binciken mamaki shi ne canjin hali, domin mutanen sun zama masu saurin fushi da janye jiki daga jama'a da baƙin ciki, ba su da zance sai na abinci, wasunsu har tara littattafan girke-girke suka riƙa yi. Wannan ya nuna cewa kasala da ƙunci da rashin mai da hankali da ake gani ga ramamme sau da yawa aikin yunwar ne, ba halinsa ba ne, kuma malamin makaranta ko maigidan da ke kiran irin wannan mutum malalaci yana iya kasancewa yana zaluntarsa.

Dangane da mutuwa, wani babban nazari da mujallar likitanci ta Lancet ta buga a 2016 ya haɗa bincike 239 daga nahiyoyi huɗu, masu ɗauke da mutum fiye da miliyan 10. Masu nazarin sun san cewa cuta kan ramar da mutum kafin ta kashe shi, kuma taba sigari na rage nauyi tana kuma kisa, don haka suka ware mashaya taba da masu tsohon ciwo da duk wanda ya rasu cikin shekara biyar na farko, domin kada a ɗora wa rama laifin da ba nata ba. Duk da wannan tankaɗe, sun sami mafi ƙarancin mace-mace tsakanin 20 da 25, masu lamba 15 zuwa ƙasa da 18.5 kuwa haɗarinsu ya zarce na waɗancan da kusan rabi.

Hanya mafi bayyana da rama ke bi ta kai ga hakan ita ce raunana garkuwar jiki, kuma babu cutar da ta fi tarin fuka nuna wannan alaƙa. Cutar na ramarwa, ramar kuma na buɗe wa cutar ƙofa, har Hukumar Lafiya ta Duniya ke lissafa ƙarancin abinci mai gina jiki a sahun farko na abubuwan da ke haddasa sabbin masu kamuwa da ita a duniya. An daɗe da sanin haka, amma gwajin da ya tabbatar da cewa abinci da kansa rigakafi ne an yi shi ne a jihar Jharkhand ta Indiya, aka buga sakamakonsa a 2023. An bibiyi mutum fiye da 10,000 da ke zaune gida ɗaya da masu tarin fuka, aka riƙa ba wani ɓangare daga cikinsu shinkafa kilo biyar da wake kilo ɗaya da rabi da ƙwayar sinadaran gina jiki a kowane wata, sai aka ga kamuwa da cutar ta ragu da kashi 39 zuwa 48 cikin ɗari a tsakaninsu. Ga ƙasa irin Nijeriya, wadda ke cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yi wa katutu, wannan sakamako na nufin buhun hatsi a gidan majinyaci wani ɓangare ne na yaƙi da cutar.

A wajen mata lamarin ya fi nisa, domin ya shafi wanda ba a haifa ba tukuna. Idan kitsen jiki ya yi ƙasa sosai, ƙwaƙwalwa na rage sinadaran da ke motsa ƙwan haihuwa, sai al'ada ta rikice ko ta ɗauke, samun ciki ya yi wuya, sinadarin mata da ke kare ƙashi kuma ya ragu, abin da ke barin ƙashi babu ƙwari tun da ƙuruciya, a daidai shekarun da ya kamata ya gama ginuwa. Idan kuwa aka sami cikin, macen da ta shige shi a rame ta fi fuskantar haihuwar bakwaini ko jaririn da bai kai kilo 2.5 ba, shi ya sa shawarar da masanan Amurka suka fitar a 2009 ta ce irin wannan mace na buƙatar ƙarin kilo 12.5 zuwa 18 a tsawon goyon ciki, fiye da abin da ake nema ga mai daidaitaccen nauyi. Yarinyar da ta ɗauki ciki tana kan girma ta fi kowa shiga wannan matsi, saboda jikinta da ɗan tayin suna rabon abinci ɗaya. Tasirin kuma ba ya tsayawa a ɗakin haihuwa: yaran da ke ciki lokacin yunwar da ta afka wa yammacin Holan a hunturun 1944 zuwa 1945 an bibiye su har tsufa, aka tarar cututtukan zuciya da matsalar sukari sun fi yawa a cikinsu.

Wani darasi da ya fi kusa da rayuwar manoman ƙasar Hausa ya fito ne daga yankin Kiyang ta Yamma a Gambiya, inda masu binciken Birtaniya suka shafe shekaru da dama suna auna mutanen ƙauyen Keneba da kewaye. Sun nuna cewa nauyin manya na sauka da damina, lokacin da hatsin bara ya ƙare, aikin gona ya yi tsanani, zazzaɓin cizon sauro da gudawa suka yawaita, sannan ya farfaɗo bayan kaka, kuma jariran da aka haifa a wannan tsakani sun fi ƙanƙanta. A wani gwaji da aka buga a 1997, wanda ya shafi ƙauyuka 28, an riƙa ba masu juna biyu a wasu daga cikin ƙauyukan biskit ɗin da aka haɗa da gyaɗa da garin shinkafa da sukari da man gyaɗa, mai ɗauke da kimanin kalori 1,000 a rana, sai nauyin jarirai ya ƙaru da kusan giram 200 a lokacin yunwa, haihuwar ɗa ba rai da mutuwar jarirai a makon farko kuma suka ragu. Duk inda noman damina ɗaya ke ciyar da gida shekara guda, daga Maraɗi zuwa Katsina zuwa Damagaram, awon da aka yi a watan Disamba da wanda aka yi a Agusta ba lallai su ba da labari ɗaya ba.

Tambayar da ta fi lambar muhimmanci

Lambar da ta gaza 18.5 tana cewa ne mutum ya rame, ba ta faɗin dalili, dalilin kuwa shi ne ke yanke abin da za a yi. Tambaya ta farko ita ce ko haka mutumin yake tun asali ko kuwa saukowa yake yi. Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce, duk wanda ya rasa kashi 5 cikin ɗari na nauyinsa cikin wata shida zuwa shekara ba da niyya ba, wato kilo uku ga mai kilo 60, yana buƙatar bincike ko da lambarsa na cikin daidai. Mai saukowa daga 24 zuwa 20 cikin wata huɗu ya fi wanda ya shekara goma a kan 18 zama abin tsoro, ko da yake jadawali zai wanke na farko ya tuhumi na biyu.

Dalilan suna bin hanyoyi kaɗan ne: ko abincin bai isa ba, ko yana shiga amma hanji ba ya tsotsarsa, ko jiki na ƙonawa ko zubarwa fiye da ƙima. Tarin da ya wuce mako biyu tare da gumin dare da zazzaɓi yana nuni ga tarin fuka. Yawan ƙishirwa da yawan fitsari tare da rama duk da cin abinci alamar ciwon suga ce, domin sukarin da ya kamata ya shiga tsoka yana fita ne ta fitsari. Faɗuwar gaba da rawar hannu da yawan gumi da rashin jure zafi kan zo ne idan halittar nan ta gaban wuya, wadda kumburinta ke zama maƙoƙo, ta yi aiki fiye da ƙima. Gudawa mai daɗewa da tsutsar ciki da gyambon ciki da ciwon daji da cutar ƙanjamau duk suna ramarwa, masu sikila kuma jikinsu na ƙona kuzari da yawa wajen maye jinin da ke saurin mutuwa. Ga tsoho dalilin na iya zama haƙoran da suka zube, ko wahalar haɗiya, ko kaɗaici, ko kuwa kawai an bar shi da tuwon da ba ya iya taunawa. Ciwon damuwa da shaye-shaye na kashe sha'awar abinci. Akwai kuma cutar ƙin cin abinci saboda tsoron ƙiba, wadda ta fi kama 'yan mata, inda mai ita ke ganin kanta da teɓa alhali ƙasusuwanta sun fito. Tana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa mafiya kisa, kuma ita ce ta sa masu shirya bikin nuna tufafi na Madrid suka hana matan da lambarsu ta gaza 18 fitowa a 2006. Wani abin takaici shi ne yadda tsegumin unguwa kan tsallake duk waɗannan ya tafi kai-tsaye ga ƙanjamau ko sammu, abin da ke sa ramamme ya ɓuya a ɗaki maimakon ya je a gwada majinarsa da jininsa, alhali gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati na Nijeriya.

A nan ne maganar magungunan ƙiba ta shigo. A wurin da ake ɗaukar cikar jiki alamar hutu da kulawar miji, ake kuma yi wa amarya siririya gori, ba abin mamaki ba ne a sami kasuwar ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe. Mafi yawansu nau'i biyu ne. Cyproheptadine maganin ƙaiƙayi da atishawa ne da ke buɗe ciki yana sa barci, kuma shansa barkatai na iya taɓa hanta. Dexamethasone ya fi shi haɗari nesa ba kusa ba: magani ne mai ƙarfi na rage kumburi, wanda idan aka daɗe ana sha yake tara ruwa da kitse a fuska da ƙeya da tumbi, yana cinye tsokar hannu da ƙafa, yana sa fata ta yi laushi ta tsattsage, yana ɗaga sukari da hawan jini, yana rarake ƙashi, yana kuma danne garkuwar jiki. Sikeli zai nuna ƙari, kumatu za su cika, 'yan biki za su yaba, amma naman da jiki ke buƙata raguwa ya yi. Idan kuwa asalin ramar tarin fuka ne ko ciwon suga, to an zuba wa cutar taki ne kawai. Wadda ta riga ta daɗe tana sha bai kamata ta yanke shi rana ɗaya ba, domin jikinta ya rage samar da irin wannan sinadari da kansa, kuma yankewar gaggawa na iya jawo faɗuwar jini da suma har da rasa rai; likita ne ke rage shi sannu a hankali.

Idan bincike ya nuna babu wata cuta, ko ana kan maganinta, ƙara nauyi na bin hanya ce mai sauƙin faɗa mai buƙatar haƙuri, wato ƙarin kalori 300 zuwa 500 a rana a kan abin da aka saba. Matsalar abincin hatsi irin koko da kunu mai ruwa-ruwa ita ce suna cika ciki da ruwa kafin su ba da kuzarin kirki, mai rama kuwa cikinsa ba ya ɗaukar da yawa. Tun da giram ɗaya na mai yana ba da kalori 9, na sitacin hatsi ko na furotin kuma 4, dabarar ita ce a ƙara wa ɗan abin da ake ci nauyi: markaɗaɗɗiyar gyaɗa a kunu, man gyaɗa ko manja ko man shanu a miya, kindirmo a fura, ƙuli-ƙuli a kwaɗon zogale, sannan ƙosai da alale da awara da riɗi da aya da dabino tsakanin manyan abinci, a riƙa ci sau biyar ko shida maimakon biyu ko uku. Giram 100 na gyaɗa kaɗai ya haura kalori 550. Ƙwai da kifi da hanta da wake suna kawo furotin, wato sinadarin da ake gina tsoka da shi, da kuma sinadarin ƙarfe da jini ke buƙata, abin da ke da muhimmanci ganin cewa binciken nan na 2018 ya sami ƙarancin jini a jikin kashi 58 cikin ɗari na matan Nijeriya masu shekarun haihuwa. Lemon kwalba da kayan zaƙi na ƙara kilo, amma galibi kitse ne, yayin da aikin ƙarfi daidai gwargwado ke sa abin da aka ci ya zama tsoka.

Wannan shawara ba ta hau kan wanda ramarsa ta yi tsanani ba, ko wanda ya kwashe kwanaki da yawa kusan ba ya cin komai. Idan aka ɗura wa irin wannan jiki abinci mai yawa farat ɗaya, sinadarin insulin na tashi ya kwashe gishirin fosfet da fotasiyam daga jini zuwa cikin ƙwayoyin halitta, abin da kan rikita bugun zuciya da numfashi, kuma an ga hakan ya kashe fursunonin da aka 'yanto a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu bayan sun tsira daga yunwar kanta. Saboda haka ne cibiyoyin tamowa ke fara ba yaron da ya galabaita madara mai sauƙi da ake kira F-75 na wasu kwanaki kafin a matsa zuwa mai ƙarfi, manya ma haka ake bi da su a asibiti, kaɗan-kaɗan ana duba jini. Babban da lambarsa ta gaza 16, ko ƙafafunsa suka kumbura, ko ba ya iya miƙewa daga zaune sai an kama shi, a gadon asibiti ya kamata a fara ciyar da shi. Sauran kuwa ya ishe su su riƙa hawa sikeli ɗaya sau ɗaya a mako biyu, da safe kafin karin kumallo, suna rubuta abin da ya nuna, idan wata biyu suka wuce ana ƙarin abinci nauyin bai motsa ba ko ya ci gaba da sauka, sai a koma wa likita da takardar a hannu domin a faɗaɗa bincike.